Lambar da ke Sauya Kanta a Kusurwar Allo

Yawancin abin da mai kallo ke karantawa a allon talabijin a yau ba hannun mutum ne ya buga shi ba. Sakamakon wasa da agogon da ke maƙale a kusurwa, farashin hannayen jari da ke zarya a ƙasa, ma'aunin zafin birane, ƙuri'un da ke hauhawa a daren zaɓe, duk daga wata kwamfuta suke tasowa, sau da yawa a wata nahiya, su biyo intanet su faɗa cikin manhajar da ke zana su a kan hoto. Al'adar ma ba ta wani tsufa ba. David Hill, wani shugaban shirye-shiryen wasanni na talabijin, shi ne ya maƙala sakamako da agogo na dindindin a wasannin ƙwallon Sky Sports a 1992, sannan ya kai dabarar tashar Fox ta Amurka a 1994. Zirin labaran da ke gudana a ƙasan allo kuwa, ranar 11 ga Satumban 2001 ce ta zaunar da shi, lokacin da labari ya fi ƙarfin bakin mai gabatarwa, Fox News da CNN da MSNBC suka saka shi, suka kuma bar shi shekara da shekaru.

Mai zane ba ya zana kowane sakamako daban. Samfuri ɗaya yake ƙerawa, da launinsa da motsinsa da tambarin tasha, ya bar gurabe a ciki, kowane gurbi da sunansa: ƙungiyar gida, cin gida, baƙi, cin baƙi, minti. Injin zane ne ke cike guraben, ya fitar da sigina biyu, ɗaya zanen kansa, ɗayan kuma inuwar da ke nuna wa na'urar haɗa hotuna inda za ta ɗora zanen da inda za ta bar hoton kyamara. Manyan tashoshi na aiki da Viz Engine na kamfanin Vizrt, wanda ya tsiro daga tashar TV 2 a birnin Bergen na Norway a 1997, ko XPression na Ross Video ta Kanada, ko injinan Chyron. Akwai CasparCG, da gidan talabijin na ƙasar Suwidin ya rubuta don aikinsa, daga baya ya sake shi kyauta ga kowa. Ƙananan tashoshi da masu watsa shiri ta intanet kuma sun fi riƙe vMix da OBS Studio. Kowannensu na da ƙofar da bayanan waje ke shigowa: DataPool a Vizrt, DataLinq a XPression, Data Sources a vMix. Ka ba ƙofar adireshi, ka nuna mata gurbin da kowane abu zai shiga, cikin minti goma lamba ta fara motsi a allo.

Wannan sauƙin ne ke yaudarar mutane. Haɗawar ita ce ƙaramin aiki. Babban aikin ya samo asali ne daga cewa intanet da talabijin ba agogo ɗaya suke bi ba.

Injin da ke fitar da firam 50, wato hotuna 50 a jere, a sakan ɗaya yana da milisakan 20 kacal ya gama zana kowane firam. A ƙasashen da ke kan 59.94, abin bai kai milisakan 17 ba. Babu jira, babu uzuri, idan ya makara hoto ya yi tsalle kowa ya gani. Sabar intanet kuwa, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun bayanai, ba ta ɗauki wa kowa alkawarin lokaci ba. Yanzu ta amsa cikin milisakan 80, anjima ta ɗauki sakan huɗu, jibi ta yi gum. An gina yanar gizo a kan cewa idan shafi bai buɗe ba mutum zai sake latsawa, idan an yi kuskure a gyara a sake ɗorawa. Abin da ya fita a shirin kai tsaye kuwa zarar bunu ne, kafin a cire shi wani ya riga ya ɗauki hotonsa da waya. Saboda haka dokar farko a wurin duk wanda ya san aikin ita ce kada ɓangaren da ke zana hoto ya taɓa tsayawa jiran amsar intanet. Ɗauko bayanai aikin wani ɓangare ne daban, ya ajiye abin da ya samo, mai zanen ya riƙa karanta ajiyar.

Siffofin da bayanan ke zuwa a ciki ba su da yawa. RSS, da ya fara fitowa a 1999, jerin kanun labarai ne, shi ya sa har yau shi ke ciyar da zirin labarai a wurare da dama. XML, na 1998, shi tsofaffin dillalan bayanan wasanni da kamfanonin dillancin labarai suka gina tsarinsu a kai. JSON ya fi sauƙin nauyi, kuma shi kusan kowace sabuwar API, wato ƙofar da manhaja ke neman bayanai ta cikinta, ke bayarwa. Sai CSV, layuka da waƙafi, wanda ba ya mutuwa domin kowa na iya fitar da shi daga Excel. Ba siffar ce ke jawo rigima ba, yadda ake nuna wa gurbi abin da zai ɗauka ne. A XML ana nuna hanya da XPath, a JSON da JSONPath ko makamancinsa, kuma hanya mafi sauri ita ce a ce wa manhaja ta ɗauki layi na uku. Jiya layi na uku wasan da ake so ne. Yau dillalin ya ƙara wasa ɗaya a sama, ko ya jera 'yan takara bisa yawan ƙuri'a maimakon bisa haruffa, sai hoton wane ya fito da ƙuri'un wane. Duk dillali na kirki yana ba kowane wasa da kowane ɗan takara lambar shaida da ba ta sauyawa, kuma da ita ake ɗaure gurbi. Aikin ya fi cin lokaci a rana ta farko, shi ya sa ake yawan tsallake shi.

Hanyar ɗaukowa iri biyu ce. Ko kai ka riƙa leƙawa kana tambaya, ko su riƙa turo maka. Leƙe ya fi sauƙi: duk bayan sakan kaza manhaja ta aika buƙata, sabar ta maido da amsa. Lissafinsa a fili yake. Idan kana leƙawa duk sakan goma, labari zai iya makara sakan goma, a matsakaici biyar. Ka matse shi zuwa sakan ɗaya, ka aika buƙata 86,400 a kwana, idan injuna biyar ne kowanne na leƙen kansa sun zama 432,000, sai dillali ya fara maido maka da lambar 429, wato ka cika tambaya, ka dakata. Akwai ladabin da ke rage wannan nauyi: sabar na ba kowace amsa alama da ake kira ETag, idan ka koma da alamar kuma ba abin da ya sauya, sai ta ce 304 kawai ba tare da ta sake aiko da komai ba. Ga hasashen yanayi da kanun labarai, leƙe ya wadatar, har ma ya yi yawa.

Turowa ta fi dacewa da ƙwallo da kasuwar hannayen jari. WebSocket, wani tsarin sadarwa da aka daidaita ƙa'idarsa a 2011, yana buɗe layi ɗaya ya bar shi a buɗe, duk abin da ya faru ya iso nan take. Sai dai yana da aibin da leƙe ba shi da shi. Layin na iya mutuwa ba tare da ya sanar ba, kuma a idon manhaja, mataccen layi da wasan da ba a ci kowa ba kamarsu ɗaya, duka shiru ne. Don haka ake sa ɓangarorin biyu su riƙa taɓa juna duk bayan 'yan sakanni. Sannan yawancin masu turowa canjin kawai suke aikowa, ba cikakken hali ba. Idan layi ya yanke sakan ashirin, aka ci ƙwallo a tsakani, ka dawo ka ci gaba da saurare kamar ba abin da ya faru, allonka zai zauna a kan kuskure har a tashi wasa. Duk dawowa sai an fara neman cikakken hali tukuna, kuma saƙonnin da ke ɗauke da lambar jeri su ke ba da damar gane cewa an tsallake wani.

A ganina nan ne hanya ta rabu tsakanin tashar da ta ɗauki abin da gaske da wadda ke wasa da wuta. Ta farko ba ta barin injin zane ya yi magana da intanet kai tsaye. Tana ajiye wata ƙaramar manhaja a tsakani, mallakarta, wadda ita kaɗai ke fita waje. Ita ke riƙe mabuɗin API, wato lambar sirrin shiga, ita ke leƙe sau ɗaya a madadin dukan injuna, ita ke juya XML ɗin wannan dillali da JSON ɗin wancan zuwa siffa ɗaya ta gida, ta tantance, ta rubuta lokacin da kowane abu ya iso, ta ajiye. Injunan zane na cikin gida ita kaɗai suka sani. Amfanin ya wuce rage buƙatu. Idan injuna biyu na leƙe kowanne a lokacinsa, babban allon bayan mai gabatarwa zai ce kashi 48, zirin ƙasa ya ce kashi 47, a firam ɗaya, mai kallo na ganin duka biyun. Idan dillali ya sauya tsarinsa, wuri ɗaya za a gyara, ba samfuri arba'in ba.

Google Sheets, teburin lissafi na intanet irin na Excel, ya zama wannan manhajar tsakani ga ƙananan tashoshi da yawa, kuma ban ga laifin hakan ba, domin edita na iya ganin abin da zai fita ya gyara da hannunsa. Amma a san iyakarsa. Shafin da aka wallafa a matsayin CSV ba ya sabuntawa nan take, canji na iya ɗaukar mintoci kafin ya bayyana a adireshin. API ɗinsa ya fi sauri, sai dai yana da ƙayyadadden kaso, buƙatar karatu 300 a minti ga kowane aiki, 60 ga kowane mai amfani. Ga kuma halin da ya gada daga Excel na yi wa mutum karambani: ka rubuta 2-1 a matsayin sakamakon wasa, ya mayar maka da shi kwanan wata.

Wannan ya kawo mu ga dattin bayanai, inda mafi yawan abin kunya ke fitowa. An yi gurbin suna daidai da haruffa goma sha biyu, sai ga Borussia Mönchengladbach. Injin zai matse rubutun har ya zama ba ya karantuwa, ko ya yanke shi, ko ya bar shi ya hau kan lambar da ke kusa. Maganin shi ne teburin gajerun sunaye da edita ya amince da su, ba a bar wa inji ya yanke ba. Salon haruffan da tasha ta saya mai yiwuwa ba shi da ö ko ł ko ş, balle ƙ da ɗ da ɓ, sai akwatin banza ya fito a tsakiyar sunan mutum. Idan kuma wani ɓangare na karanta UTF-8, tsarin adana haruffa na zamani, a matsayin wani tsohon tsari, harafi ɗaya ya rikiɗe ya zama tarkace biyu. RSS na zuwa da guntayen alamomin HTML, harshen rubuta shafukan yanar gizo, a cikin kanu. Bajamushe na rubuta 1.234,56 inda Ba'amurke ke rubuta 1,234.56, kuma 03/04 a wurin wani uku ga Afrilu ne, a wurin wani huɗu ga Maris. Shi ya sa ake ajiye lokaci a tsarin ISO 8601 bisa agogon duniya na UTC, sai a bakin allo a juya shi zuwa agogon masu kallo.

Wanda ya fi waɗannan duka haɗari shi ne bambancin sifili da babu. Ɗan takarar da ya samu ƙuri'a sifili da wanda ba a fara ƙirga nasa ba ba ɗaya ba ne. Garin da zafinsa digiri sifili ne da garin da na'urarsa ta lalace ba ɗaya ba ne. Manhajoji da yawa idan suka tarar da gurbi wayam sai su cike shi da 0, ko su rubuta kalmar da masu shirya manhaja ke nufin babu da ita, ɓaro-ɓaro a allo. Wasu dillalan ma lamba ta musamman suke sakawa, irin su -999, don nuna cewa ba a samu awo ba, kuma injin da ba a gaya masa ba zai zana ta da kyakkyawan launi kamar kowace lamba.

Ranar 10 ga Oktoban 2024 manhajar yanayi ta BBC da shafinta suka yi hasashen iska mai gudun mil 13,508 a sa'a a Landan, da zafin digiri 404 a Nottingham. Matsalar daga bayanan kamfanin da ke ba su hasashe ta fito, kuma ta faɗo daidai lokacin da guguwar Milton ke dukan Florida, har sai da masu gabatar da yanayi suka fito suna kwantar wa jama'a hankali. Abin lura a nan, bayanan sun iso lafiya, siffarsu daidai, sabar ta amsa yadda ya kamata. Ma'anarsu ce ta lalace. Zafi mafi tsanani da aka yarda an taɓa aunawa a duniya digiri 56.7 ne, a Death Valley ta Amurka a 1913, iska mafi ƙarfi da na'ura ta auna a wajen guguwar tonado kuwa mil 253 a sa'a ce, a tsibirin Barrow na Ostareliya a 1996. Layi biyu na ƙa'ida a manhajar tsakani, da ke cewa duk abin da ya wuce iyaka kaza a riƙe shi, sun isa su tare irin wannan.

Sai dai kafa ƙa'ida ma na da nasa tarkon. Hankali zai ce cin ƙwallo ba ya raguwa, don haka a toshe duk saƙon da ya rage shi. To, tun da VAR, alƙalancin bidiyo, ya shigo, har gasar cin kofin duniya ta 2018 ta karɓe shi, ana soke ƙwallo bayan an rubuta ta. Jimillar ƙuri'u ma na sauka idan jami'i ya gyara kuskuren bugawa. Hannun jari na iya faɗuwa kashi ashirin a yini da gaske. Ƙa'ida mai kyau iri biyu take yi: abin da ba zai yiwu ba ta toshe shi, abin da zai yiwu amma baƙo ne ta riƙe shi ta kunna wa ofireta jar alama ya duba.

Lalacewar da na fi tsoro ba ta da hayaniya ko kaɗan. Bayanai su daina zuwa, allo ya ci gaba da nuna na ƙarshe. Ajiye lamba ta ƙarshe mai kyau dabara ce da ta dace, ita ke hana allo yin fari saboda tangarɗar sakan uku. Amma har yaushe? Hasashen yanayi na sa'a biyu da suka wuce bai cuci kowa ba. Farashin hannun jari da ya daskare minti goma a ranar da kasuwa ke rugujewa ƙarya ce tsagwaronta, ko da kowace lamba a ciki ta taɓa zama gaskiya. Kuma ba a dogara da cewa sabar na amsawa, domin tana iya maido da 200, alamar komai lafiya, alhali tsohon abu take ta maimaitawa daga ajiyarta. Lokacin da ke rubuce a cikin bayanan ake dubawa. Kowane irin bayani na buƙatar wa'adinsa, da abin da zai faru in wa'adin ya cika: a sauke zanen, ko a rubuta lokacin sabuntawa na ƙarshe a gefensa, ko a koma ga dillali na biyu, ko ofireta ya karɓa da hannu. Wannan hukunci na edita ne, amma a aikace sau da yawa wanda ya rubuta manhajar ne ke yanke shi shi kaɗai, ba tare da kowa a ɗakin labarai ya san an yanke ba.

Akwai kuma akasin makara, wanda ba kowa ke zatonsa ba. Bayanai na iya riga hoto isowa. Saƙon cin ƙwallo 'yan haruffa ne, yana keta duniya cikin ƙiftawar ido. Hoton kuwa sai an matse shi, ya hau tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita 35,786 ya sauko, wanda shi kaɗai kusan rubu'in sakan ne, a warware shi, wataƙila a sake matsewa. Tashar da ke karɓar hoto daga nesa tana ɗora nata zanen za ta ga lamba ta koma 1-0 alhali ɗan wasa bai ko ɗaga ƙafa ba. Dole a jinkirta bayanan da gangan daidai da jinkirin hoton, kuma jinkirin ba ɗaya ba ne idan aka koma layin ko-ta-kwana a tsakiyar wasa. Agogon wasa ma ba a jiran intanet ta turo kowane sakan, zai riƙa tsalle. Injin ne ke ƙirga nasa, saƙon waje ya riƙa daidaita shi.

Zaɓe ya tara duk waɗannan a dare ɗaya, ya ƙara nasa. Makonni kafin ranar, kamfanonin dillancin labarai irin su Associated Press na aika sakamakon gwaji don tashoshi su jarraba injunansu, da sunayen 'yan takara na gaske da lambobin ƙirƙira. A ƙarshen Oktoban 2022 wata tashar Fox a birnin Phoenix ta nuna irin wannan sakamako na zaɓen gwamnan Arizona a cikin labaranta, kwanaki kafin a kaɗa ƙuri'a. Ranar 27 ga Oktoban 2024 tashar WNEP a Pennsylvania ta yi irinsa da zaɓen shugaban ƙasa, a ƙasan allo ana tsaka da tseren motocin Formula 1. Duka biyun sun fito sun yi bayani, amma hotunan sun riga sun bazu a matsayin hujjar an shirya maguɗi. Gwaji wajibi ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya kamata shi ne bayanan gwaji su kasa isa injin da ke kan layin watsawa ko da wani ya latsa maɓallin da bai dace ba, ko kuma samfurin ya shafa wa kansa babban rubutun gwaji muddin alamar gwaji na cikin bayanan.

A daren kansa, tambayar da ke raba kan ma'aikata ita ce ko zanen da ke kan allo ya riƙa sauyawa yana tsaye. Mai gabatarwa ya fara karanta cewa wane na da ƙuri'a kaza, kafin ya kai ƙarshen jimla lambar ta sauya. Yawancin daraktoci sun fi son cikakken allo ya daskare a kan halin da aka ɗauko lokacin da aka kira shi, zirin ƙasa kuma ya ci gaba da motsi. Kuma duk lambobin zane ɗaya su sauya tare a firam ɗaya. In ba haka ba, na ɗan lokaci ƙuri'un wane sababbi ne, kasonsa tsoho, jimilla ba ta kai ɗari ba.

Idan bayanan daga hannun jama'a suke fitowa, babu maganar barin inji shi kaɗai. A Fabrairun 2004, lokacin wata dusar ƙanƙara, tashar News 14 Carolina ta Amurka na karɓar sanarwar rufe makarantu da wuraren aiki ta shafinta. Ma'aikaci na duba sanarwa kafin ta fita, amma bayan an amince, mai ita na iya komawa ya sauya rubutun ba tare da an sake dubawa ba. Masu tsokana suka gano, zirin ƙasa ya cika da shaƙiyanci. Darasin na nan daram ga duk mai ɗora saƙonnin kafofin sada zumunta a allo: abin da aka amince da shi a kwafe shi a ajiye, kada a bar samfuri ya sake ɗauko shi daga waje. Amintacciyar majiya ma ba kariya ba ce. Ranar 23 ga Afrilun 2013 aka yi kutse a shafin Twitter na Associated Press, aka rubuta cewa an samu fashewa a fadar White House, ma'aunin Dow Jones na kasuwar hannayen jarin Amurka ya faɗi sama da maki 140 cikin mintoci kafin ya farfaɗo. Zirin da ke kwaso saƙonnin wannan shafi kai tsaye da ya watsa ƙaryar da tambarin tasharsa a kai.

Zuwan samfuran HTML ya sauƙaƙa abubuwa, ya kuma ƙara jarabar yin ganganci. CasparCG da OBS da vMix duk suna ɗauke da burauzar Chromium a cikinsu, kuma bayan Adobe ta binne Flash, tsohuwar fasaharta ta zane mai motsi, a ƙarshen 2020 tsofaffin samfuran CasparCG suka koma HTML. Tunda samfurin shafin yanar gizo ne, yana iya ɗauko bayanansa da kansa da layi uku na JavaScript. Daga nan sai ƙa'idar tsaron burauza ta CORS ta hana shi karanta sabar da ba ta ba da izini ba, mai gaggawa ya kashe tsaron burauzar gaba ɗaya don aiki ya tafi. Mabuɗin API ya zauna a fili cikin fayil ɗin da ake aika wa kowa. Idan kuma samfurin na zuba rubutun waje a matsayin HTML maimakon zallar rubutu, duk wanda ya iya saka abu a majiyar ya iya gudanar da umarninsa a kwamfutar da ke cikin zuciyar tashar. Tun bayan kutsen da ya ɗauke tashoshin TV5Monde na Faransa a Afrilun 2015, injiniyoyi ba sa wasa da raba hanyar sadarwar watsa shiri da ta waje, kuma suna da gaskiya idan suka ƙi buɗe wa injin zane ƙofa.

Majiyoyin kansu ba su dawwama. Apple ta sayi kamfanin hasashen yanayi na Dark Sky a 2020, ta rufe API ɗinsa a ƙarshen Maris 2023, duk zanen yanayin da aka gina a kansa ya mutu. A shekarar ce kuma Twitter ta rufe damar kyauta da ɗimbin manhajojin nuna saƙonni suka dogara da ita. Masu tsinto lambobi daga jikin shafin wani ba tare da API ba sun fi kowa zama a kan siraɗi, domin ranar da mai shafin ya sauya kwalliya, ranar aikinsu ya tsaya. Ga batun haƙƙi: abu na buɗe a intanet ba ya nufin an yarda a watsa shi. Opta da Sportradar da Genius Sports sayar da bayanan wasanni suke yi bisa yarjejeniya, kasuwannin hannayen jari na karɓar kuɗi kafin su ba da farashin nan take, shi ya sa na kyauta ke zuwa da jinkirin minti 15, wanda ya kamata a rubuta a allo. Abin da kuɗin ke saya, ban da lambobin, shi ne sanarwa kafin a sauya tsari da lambar wayar da wani zai ɗauka ƙarfe biyun dare.

Gwajin da ke da amfani ba na ranar da komai ke tafiya daidai ba ne. Ana naɗe bayanan wani wasa ko zaɓe da ya wuce, saƙo bayan saƙo da lokutansu, a sake kunna su ga injin kamar yau abin ke faruwa. Sannan a ɓata su da gangan: a cire wayar intanet a minti na talatin, a aiko da rabin fayil, a saka suna mai haruffa sittin, a juya jerin 'yan takara, a soke ƙwallo, a maimaita saƙo ɗaya sau biyu. Ofireta na zaune a kujerarsa yana kallon allon dubawa, edita na gefensa, kuma a kowane mataki a rubuta abin da allon ya nuna da tsawon sakannin da suka wuce kafin wani a ɗakin ya lura.